Babi na Bakwai: Takunkumin Fuska a Idon Matasan Koriya ta Kudu

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sutura a matsayin ɓangare na al'ada, aka nuna cewa ɗan'adam yana sanya tufa ne domin ya rufe tsiraicinsa, ya kare jikinsa daga zafi da sanyi, ya yi ado, sannan ya nuna matsayinsa a cikin al'umma. An kuma nuna cewa al'ada ba a tsaye take wuri ɗaya ba, tana sauyawa gwargwadon abin da zamani ya zo da shi. Wannan babi zai ɗauko misali guda daga wata ƙasa mai nisa domin ɗalibi ya ga yadda wannan sauyi yake aukuwa cikin 'yan shekaru kaɗan. Misalin kuwa shi ne takunkumin rufe baki da hanci, da yadda matasan Koriya ta Kudu suka ɗauke shi a lokacin annobar korona, wato daga shekarar 2020 zuwa 2023. An zaɓi wannan ƙasa ne saboda mutanenta sun saba da takunkumi tun kafin annobar, kuma da yawa daga cikin matasanta ba su yi saurin cire shi ba bayan hukuma ta ba su dama.

7.1 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar takunkumi da yadda ma'anar ta faɗaɗa a Hausa;
(b) kawo dalilan da suka sa Koriyawa suka saba da takunkumi kafin shekarar 2020;
(c) tantance fuskoki huɗu da matasan ƙasar suka kalli takunkumi da su;
(d) nuna yadda sara take fito da tunanin masu yin ta.

7.2 Ma'anar Takunkumi

A asalin Hausa, takunkumi shi ne abin da ake ɗaura wa dabba a baki, kamar jaki ko raƙumi ko kura, domin a hana ta cizo ko ɓarnar amfanin gona. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta koma ga duk wani hani da aka ƙaƙaba wa wani, kamar yadda ake cewa an sanya wa ƙasa kaza takunkumin tattalin arziki. Da annobar korona ta ɓulla, sai kafofin watsa labarai na Hausa suka riƙa kiran abin rufe fuska da wannan suna, wasu kuma suka zaɓi su ce ƙyallen rufe baki da hanci. Abin lura a nan shi ne, a duk ma'anonin kalmar akwai ƙamshin tilas, domin ba a san mai ɗaura wa kansa takunkumi da son ransa ba.

Su kuwa Koriyawa aro suka yi daga Ingilishi, suna kiransa "maseukeu". Wannan kalma ba ta ɗauke da wata ma'ana ta ƙasƙanci ko tilas a harshensu, sunan wani kaya ne kawai da ake saye a kantin magani.

7.3 Takunkumi a Koriya Kafin Annoba

Koriya ta Kudu ƙasa ce a gabashin nahiyar Asiya mai mutane kimanin miliyan 51, kuma kusan rabinsu suna zaune ne a birnin Seoul da kewayensa. Abubuwa uku ne suka share wa takunkumi hanya a wannan ƙasa.

Na farko shi ne ƙura. A kowace shekara, musamman tsakanin watan Maris da Mayu, iska takan kwaso ƙura daga hamadar Gobi da sauran busassun yankunan Sin da Mongoliya ta lulluɓe ƙasar da ita. Koriyawa suna kiran wannan ƙura "hwangsa", wato rawayar ƙura. Ban da ita akwai hayaƙin masana'antu da na motoci, wanda yake barin ƙananan ɓurɓushi a iska da ido ba ya iya gani. Saboda haka ne hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta tsara wa takunkumi ma'auni. Mai lamba KF80 yana tace kashi 80 cikin ɗari na ɓurɓushin da ake gwaji da shi, mai lamba KF94 kuma kashi 94 cikin ɗari. Ke nan yaron da ya tashi a wannan ƙasa ya saba da duba hasashen ƙura kafin ya fita, kamar yadda ake duba hasashen ruwan sama.

Na biyu shi ne cutar numfashi da ake kira MERS. A watan Mayu na 2015 aka tabbatar da ita a jikin wani dattijo da ya dawo daga Gabas ta Tsakiya. Ta yaɗu a asibitoci, ta kama mutum 186, ta hallaka 38, aka kuma killace sama da mutum 16,000. Jama'a sun zargi gwamnatin wancan lokaci da jinkirin bayyana sunayen asibitocin da cutar ta shiga. Waɗanda suke 'yan sakandare a shekarar su ne suka zama matasan 2020, kuma Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na uku shi ne kwaikwayo. Fitattun mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo na ƙasar sukan sanya baƙin takunkumi a filin jirgin sama domin su kauce wa idon jama'a, ko su ɓoye gajiyar da ke fuskarsu. Hotunansu sun bazu a intanet, matasa kuma suka ɗauki abin a matsayin gayu.

7.4 Takunkumi a Lokacin Annoba

An samu mutum na farko mai ɗauke da korona a Koriya ta Kudu ranar 20 ga Janairu, 2020. A watan Fabrairu cutar ta ɓarke a birnin Daegu ta hanyar taron wata majami'a, har aka samu sababbin kamu 909 a rana guda. Nan take takunkumi ya yi wuya, farashinsa ya tashi, mutane suka riƙa kafa dogayen layuka a ƙofar kantuna.

Domin magance wannan, daga ranar 9 ga Maris gwamnati ta fito da tsarin rabo. Kowane mutum yana da damar sayen guda biyu a mako, kowane ɗaya a kan won 1,500, kuma lambar ƙarshe ta shekarar haihuwarsa ce take nuna ranar da zai saya. Masu 1 da 6 ranar Litinin, masu 2 da 7 Talata, masu 3 da 8 Laraba, masu 4 da 9 Alhamis, masu 5 da 0 Juma'a. Wanda bai samu saya ba a ranarsa sai ya jira Asabar ko Lahadi. Alal misali, matashin da aka haifa a 1997 ranar Talata zai je kantin magani da katin shaidarsa. An kuma samar da manhajojin waya masu nuna kantin da yake da sauran kaya. A watan Yuli na shekarar aka kawo ƙarshen wannan tsari bayan kaya sun wadata.

Gwamnatin ƙasar ba ta kulle mutane a gida ba kamar yadda aka yi a ƙasashe da dama. Ta dogara ne ga gwaji da bin sawun masu cutar da kuma takunkumi. Ranar 15 ga Afrilu, 2020 aka gudanar da zaɓen 'yan majalisar dokoki, kowane mai zaɓe da takunkumi da safar hannu, kuma kashi 66.2 cikin ɗari na masu rajista suka fito. A wannan zaɓe ne 'yan shekara 18 suka fara jefa ƙuri'a. Haka kuma ranar 3 ga Disamba ɗalibai suka zauna babbar jarrabawar shiga jami'a da ake kira "Suneung", wadda ake wuni ana yi, suna sanye da takunkumi. Daga ranar 13 ga Nuwamba, 2020 kuwa, duk wanda ya ƙi sanya shi a wuraren da aka wajabta, ana iya cinsa tarar da ta kai won 100,000.

7.5 Yadda Matasa Suka Kalli Takunkumi

Idan aka ce matasa a nan, ana nufin waɗanda suke tsakanin shekara 19 zuwa talatin da 'yan kai, wato ɗaliban jami'a da masu neman aiki da ƙananan ma'aikata. Ba a taru an zama ɗaya ba, amma ana iya kasa ra'ayoyinsu gida huɗu.

7.5.1 Garkuwa daga Cuta

Wannan ita ce fuska ta farko, kuma ba a yi jayayya mai yawa a kanta ba. A wasu ƙasashen Turai da Amurka takunkumi ya zama abin rikicin siyasa, har aka yi zanga-zangar ƙin sa. A Koriya ta Kudu kuwa, ƙorafin da ya fi ƙarfi a farkon 2020 na rashin samunsa ne. Matashin da ya saba kare hancinsa daga ƙura bai buƙaci doguwar nasiha ba kafin ya yarda cewa rigakafi ya fi magani. Ko da yake cutar ta fi yi wa tsofaffi illa, matasa da yawa suna zaune ne tare da iyayensu, don haka tsoron kai cuta gida ya kasance babban dalili a wajensu.

7.5.2 Haƙƙin Jama'a da Tsoron Ido

Koriyawa suna da wata ɗabi'a da suke kira "nunchi", wato iya karanta yanayin wuri da fahimtar abin da mutane suke so ba tare da an faɗa ba. Suna kuma ƙyamar abin da suke kira "minpye", wato mutum ya zama sanadin takura ga wasu. A ƙarƙashin waɗannan ɗabi'u biyu, shiga jirgin ƙasa da buɗaɗɗiyar fuska ya zama rashin ladabi tun kafin ya zama laifi a doka.

Wannan matsi ya fi nauyi a kan matasa saboda dalili na musamman. A watan Mayu na 2020 cutar ta sake ɓulla a gidajen rawa na unguwar Itaewon da ke Seoul, aka yi ta zargin matasa da sakaci da son holewa. Bugu da ƙari, a wancan lokaci hukumomi sun riƙa aika saƙo ta waya mai bayyana wuraren da mai cutar ya ziyarta. Ba a faɗin sunansa, amma sau da yawa makusanta sukan gane shi. Saboda haka matashi yana tsoron cutar, yana kuma tsoron a ce shi ne ya jawo aka rufe ofishinsu ko ajinsu. A nan takunkumi ya zama shaidar cewa mutum ya sauke nauyin da ke kansa. Idan ma ya kamu, ba za a ce ganganci ya yi ba.

7.5.3 Ado da Mafaka

Al'ummar Koriya ta Kudu tana ba kamannin fuska muhimmanci ƙwarai. An daɗe ana manna hoto a takardar neman aiki, har sai da gwamnati ta hana hakan a ma'aikatunta a shekarar 2017. Unguwar Gangnam ta yi suna wajen asibitocin gyaran fuska. A irin wannan yanayi, takunkumi ya zo wa matasa da yawa da wani sauƙi da ba su zata ba. Budurwa tana iya fita ba tare da ta ɓata lokaci wajen kwalliya ba, saurayi yana iya fita bai aske gemu ba. Kasuwar jan baki ta ja baya, hankali ya koma ga kwalliyar ido da gira. Kafofin labarai sun ruwaito cewa wasu sun yi amfani da damar suka yi aikin gyaran hanci, tun da kumburin zai warke a ɓoye.

Har ila yau, an mayar da shi kayan ado. An fito da launuka iri-iri da ake dacewa da tufafi, da mai siffar bakin tsuntsu wanda ake ganin yana ƙara wa fuska kyau, da igiyoyin rataya shi a wuya masu duwatsun ado.

Akwai kuma mafaka ta zuciya. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙaramin ma'aikacin da al'ada ta wajabta masa sakin fuska a gaban shugabansa, ko mai jiran kanti da dole ta yi wa kowane mai saye murmushi, sun samu inda za su ɓoye gajiya da ɓacin rai.

7.5.4 Nauyi da Rashi

Duk da haka, takunkumi bai rasa illa ba. Daminar ƙasar tana da zafi da gumi, ga ƙurajen fuska, ga ciwon bayan kunne, ga tururin numfashi da yake rufe gilashin tabarau. Matasan da suke aikin wucin gadi a kantuna da wuraren shan shayi su ne aka bar wa aikin tunatar da abokan ciniki, waɗanda sau da yawa sun girme su, a cikin al'ummar da take girmama shekaru. Wannan ya jawo musu zagi, wani lokaci har da duka.

Rashin da ya fi girma shi ne na zumunci. Ɗaliban da suka shiga jami'a a 2020, waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan ajin korona, sun yi mafi yawan karatunsu na farko ta intanet. Da suka koma aji, sai suka tarar da abokan da ba su san rabin fuskarsu ba. Kurame kuma sun shiga wahala ta daban, domin da yawansu suna dogara ga motsin leɓe, kuma yanayin fuska wani ɓangare ne na nahawun maganar hannu. Wannan ne ya sa tafintocin kurame suke tsayawa ba takunkumi a lokacin da hukuma take yi wa jama'a bayani a talabijin, aka kuma ƙera wani iri mai tagar roba da ake ganin baki ta ciki.

7.6 Sarar Matasa a Kan Takunkumi

Sara hanya ce da rukunin jama'a, musamman matasa, suke bi wajen ƙirƙirar kalmomi domin bayyana abin da yake damunsu ko yake ba su dariya. Matasan Koriya sun yi amfani da dabarar gutsuro gaɓa daga kalmomi biyu a haɗa su. Ga misalai:

(a) "Teokseukeu": daga "teok", wato haɓa, da "maseukeu". Ana nufin mai sauke takunkuminsa zuwa haɓa. Kalma ce ta zargi.
(b) "Magikkun": daga "maseukeu" da "sagikkun", wato ɗan damfara. Ana nufin wanda ake zaton kyakkyawa ne, sai da ya cire takunkumi aka ga ba haka ba.
(c) "Mahaeja": daga "maseukeu" da "pihaeja", wato wanda aka cuta. Ana nufin kyakkyawan da takunkumi ya ɓoye kyansa.

Idan aka dubi waɗannan kalmomi za a ga cewa ta farko ce kaɗai take da alaƙa da lafiya, ita ma ta fuskar idon jama'a. Sauran biyun a kan kamanni suke. Kalmar "magikkun" ta fara ne da raha, amma ta zama abin fargaba ga yara da matasa, domin ba wanda yake so a ce fuskarsa ta ba mutane kunya.

7.7 Bayan Ɗage Doka

Hukuma ta janye dokar ne daki-daki. Ranar 2 ga Mayu, 2022 aka sassauta ta a sararin waje, aka ɗage ta gaba ɗaya a can ranar 26 ga Satumba. Ranar 30 ga Janairu, 2023 aka ɗage ta a mafi yawan gine-gine, sai motocin haya da jiragen ƙasa ranar 20 ga Maris. Manyan asibitoci ne suka zo ƙarshe, ranar 1 ga Mayu, 2024.

Abin da ya ja hankalin masu lura shi ne, a makonnin da suka biyo bayan kowace sassautawa, mafi yawan mutanen da ake gani a titunan Seoul ba su cire ba. Wasu don tsoron cuta, wasu don ƙura, wasu don sabo, wanda aka ce turken wawa ne. Wasu kuwa jira suke na kusa da su ya fara cirewa. Ɗabi'ar "nunchi" da ta sa aka ɗaura shi da wuri, ita ce kuma ta jinkirta sauke shi. Sannu a hankali abin ya ragu, ya koma matsayinsa na da, wato na ranar ƙura da ranar mura.

7.8 Darussa ga Mai Nazarin Al'ada

Da farko, sabon abu yakan samu karɓuwa cikin sauƙi idan ya tarar da gurbi a al'adar mutane. A ƙasar Hausa ma rufe fuska ba baƙon abu ba ne. Sarakuna suna yin amawali, wanda alama ce ta kwarjini, mazan Buzaye suna rufe baki da hanci da rawaninsu, wasu mata suna sanya niƙabi, masu babura kuma sukan ɗaure hanci a lokacin hunturu. Sai dai kowane ɗaya da ma'anar da al'umma ta ba shi, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake kira takunkumi.

Na biyu, sunan da aka raɗa wa abu yana da tasiri a kan yadda za a karɓe shi. Wannan abin kula ne ga malamin Hausa da mai fassara, domin su ne ake tunkara idan ana neman sunan sabon abu.

Na uku, doka ita kaɗai ba ta bayyana halayyar jama'a. Koriyawa sun rufe fuska watanni kafin a fara cin tara, sun kuma ci gaba bayan an daina.

Na huɗu, tufa guda tana iya ɗaukar ma'anoni masu karo da juna a wajen mutum ɗaya. Ƙyallen da ya ba matashiya hutu daga kwalliya, shi ne kuma ya sa ta fargabar ranar da za ta cire shi a gaban 'yan ajinsu.

7.9 Kammalawa

A wannan babi an bi diddigin takunkumi a Koriya ta Kudu tun daga zamanin ƙura da cutar MERS ta 2015, zuwa rabon da aka yi a 2020, har zuwa janye doka tsakanin 2022 da 2024. An ga cewa matasa sun ɗauke shi a matsayin garkuwa, da haƙƙin jama'a, da ado da mafaka, da kuma nauyi, kuma sararsu ta tabbatar da haka. Babi na gaba zai yi magana a kan ado da kwalliya a al'adar Hausawa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. A bayyana asalin ma'anar kalmar takunkumi da matakan da ta bi wajen faɗaɗa.
2. Waɗanne abubuwa uku ne suka sa Koriyawa suka saba da takunkumi kafin shekarar 2020?
3. A tsarin rabon watan Maris na 2020, wace rana ce wanda aka haifa a shekarar 2000 zai sayi nasa? A kawo dalili.
4. A kwatanta "nunchi" da kunya irin ta Bahaushe, a nuna inda suka yi kama da inda suka bambanta.
5. Me kalmar "magikkun" take nunawa game da matsin da matasa suke fuskanta?

Jinga

A tattaro kalmomin sara guda biyar da suka ɓulla a Hausa a lokacin annobar korona, a bayyana yadda aka ƙirƙiri kowace da abin da take nunawa game da tunanin masu amfani da ita.